Yadda Ake Neman Gyara A Waƙar Da Aka Haɗa A Ɗaki: Bayani Ga Masu Jita Da Masu Ɗora Murya

 Bayanin yau na masu haɗa waƙa a ɗaki ne, musamman waɗanda suka fara sa jita a waƙoƙinsu, irin kiɗan da Turawa ke kira rok. Tambayar da aka fi yi mini ita ce: na gama waƙa, wa zan ba ya saurara ya faɗa mini gaskiya? Na tattara abin da na sani wuri ɗaya domin duk wanda ya buƙata ya dawo ya duba.

Bari in fara da abin da ya same ni. A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da mu nan Safana da Batsari da Ɗanmusa da Dutsin-Ma. Ba kira, ba data, aka yi watanni a haka. Zaman banza ya sa na duƙufa kan wata waƙa da laftof na aro da jitar wani abokina. Da na gama na kunna wa abokai a majalisa, kowa sai "wuta!", "Masha Allah, ka kai!" Wani ya ce in tura masa ta Xender, na tura. Kwana kaɗan ta shiga mimorin masu cajin waya.

Bayan sati biyu ina wurin mai shayi sai na ji ta a wayar wani yaro. Jita na ƙara kamar injin niƙa, muryata kuma can ƙasa kamar mai magana daga cikin rijiya. Wani dattijo da ke zaune ya ce, "Shi wannan mi yake cewa ne?" Ba wanda ya iya ba shi amsa. Daga baya na gyara ta, amma gyararriyar ba ta taɓa kamo ta farkon ba. Har yau waccan ce ke yawo da sunana. Wajenmu waƙa zarar bunu ce, in ta fita ta fita, shi ya sa dole a nemi gyara kafin a sake ta.

Matakai huɗu da ya kamata ka rarrabe

Duk ƙorafin da za a yi wa waƙarka yana cikin ɗayan wuraren nan huɗu. In ba ka san wanne ba ne, za ka yi ta murɗa abin da ba shi ne ya lalace ba.

1. Waƙar kanta: kalmomi, kari, amshi, tsawon baitoci.
2. Ɗauka: yadda aka ɗora murya da jita, irin ɗakin, nisan baki da makirfo, ƙarfin da sautin ya shiga da shi.
3. Miksin: daidaita kayan da aka ɗauka, wanne zai yi sama, wanne zai koma baya, wanne dama, wanne hagu, eko nawa za a sa.
4. Mastarin: gogewar ƙarshe a kan waƙar gaba ɗaya da ɗaga ƙararta ta kai ta sauran waƙoƙi.

Kowane mataki yana gadon na gabansa. Mastarin ba ya gyara mugun miksin, miksin kuma ba ya gyara muryar da ta fashe tun wajen ɗauka.

Misali daga Sakkwato

Masu cewa kiɗan jita ba namu ba ne su duba maƙwabta. Mdou Moctar, wanda sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, Ba'abzine ne ɗan jihar Tawa a Nijar. Jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da wayoyin birkin keke. A 2008 ya zo Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko mai suna Anar, a situdiyo irin na mawaƙan Hausa, da kiɗan kwamfuta da Auto-Tune irin wanda muka saba ji a waƙoƙin fim. Ba kamfanin da ya fitar da kundin a lokacin. Daga waya zuwa waya ya riƙa tafiya, ta bulutut da mimori, har ya kai Mali.

A can wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya ci karo da ɗaya daga cikin waƙoƙin, "Tahoultine", ya sa ta a tarin da ya kira Music from Saharan Cellphones a 2011, sannan ya bi sawun mai waƙar har ya gano shi. Daga nan hanya ta buɗe: kundin Ilana na 2019 a Detroit ta Amurka aka ɗauke shi, Afrique Victime kuma kamfanin Matador ne ya fitar a 2021. Shi dai Sahel Sounds ɗin ne ya fitar da tarin waƙoƙin fina-finan Hausa mai suna Harafin So a 2013, kuma a 2020 ya riƙa fitar da waƙoƙin da mawaƙan yankin Sahel suka ɗauka da wayar hannu suka tura ta WhatsApp.

Abin lura a nan shi ne alƙalin farko na waƙoƙin Anar sifikar waya ce. Sun yi nisa ne saboda ko a ƙaramar waya kari da murya suna fitowa. Irin wayoyin nan su ne za su yi wa taka waƙar alƙalanci a Runka ko a Batsari.

Me ya sa kunnenka kaɗai bai isa ba

Na farko, kai ka rubuta kalmomin. Ko murya ta nutse za ka ji su, domin ƙwaƙwalwarka ke cike maka gurbin. Na biyu, kunne na gajiya. Bayan awa biyu ko uku da hedifon, sautin da ke soke kunne sai ya zama daidai a wajenka, ka yi ta ƙara shi. Na uku, duk abin da ya fi ƙara kunne yana ɗaukarsa ya fi daɗi, ko da bai fi ba. Na huɗu, yawancin hedifon da iyafis na kasuwa suna ƙara nauyin bes, sai ka zaci waƙarka na da nauyin da ba ta da shi.

Manya ma ba sa yarda da kunnensu kaɗai. Billie Eilish da yayanta Finneas a ɗakin kwana suka ɗauki kundinta na 2019 wanda ya ci kyaututtukan Grammy a 2020, amma miksin Rob Kinelski aka ba, mastarin kuma John Greenham. Ƙungiyar rok ta Foo Fighters a garejin gidan jagoransu Dave Grohl suka ɗauki kundin Wasting Light na 2011, duk da haka sun kira Butch Vig ya jagoranci aikin, Alan Moulder ya yi miksin. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Gwajin da za ka yi da kanka kafin ka dami kowa

- Ka bar waƙar ta kwana. Ka saurara da safe kafin ka ji wata waƙa.
- Ka ji ta a sifikar waya, irin wayar da talaka ke riƙewa. Ƙananan sifikun nan ba sa fitar da sautin da ke can ƙasa, kuma da yawansu baki ɗaya ne, dama da hagu a haɗe.
- Ka ji ta a sifikar bulutut da muke kira MP, sannan a motar haya in direba ya yarda. Hanyar Dutsin-Ma ta ishe ka gwaji, da ƙarar inji da surutun fasinja.
- Ka rage ƙara sosai har ta kusa ɓacewa. Abin da ya kamata ya rage a kunnenka shi ne murya da bugun ganga. In jita ce kaɗai ta rage, ta yi yawa.
- Ka zaɓi waƙar wani ƙwararre mai kama da taka ka sa ta gefe a manhajar da kake aiki da ita, ko FL Studio ce, ko BandLab, ko Audacity. Ka rage ƙarar tasa har ta yi daidai da taka, sannan ka riƙa sauyawa tsakaninsu. In ba ka daidaita ƙarar ba, gwajin banza ne.

Kada ka raina mummunar sifika. Manyan situdiyo na duniya sun shekara da shekaru suna ajiye ƙananan sifikun Auratone da Yamaha NS-10 domin su ji yadda waƙa za ta fita a wajen mutanen gari.

Wa za ka ba ya saurara

Kowane mutum da abin da kunnensa ya iya. Kada ka tambayi kowa komai.

*Wanda bai taɓa jin waƙar ba.* Ƙanwarka, matar yayanka, maƙwabci. Ka kunna masa baiti ɗaya sau ɗaya a waya, ka ce ya maimaita maka kalmomin. Duk kalmar da ya kasa kamawa ka rubuta ta. Wannan gwajin ya fi muhimmanci a Hausa, domin abu kaɗan ke raba kalmominmu. "Baƙi" da "baki", "ƙafa" da "kafa", harafi ɗaya ne tsakaninsu. Garin da ake zama da garin da ake tuwo, jan wasali ne ya raba su. Eko mai yawa da jita mai ƙara su ne ke fara cinye irin waɗannan bambance-bambancen.

*Mai tura waƙoƙi a shagon caji, ko DJ na biki.* Waɗannan suna jin waƙoƙi da yawa a rana ɗaya, ɗaya bayan ɗaya. Su za su faɗa maka ko taka ta faɗi ƙasa in ta biyo bayan ta Hamisu Breaker ko ta Umar M. Shareef. Amma a wayarka za su ji, kada ka bar musu fayil ɗin.

*Makaɗi.* Ko mai kalangu ne ko mai gurmi, bai san kwamfuta ba amma ya san lokacin da kiɗa ya yi gaba ya bar mawaƙi, da lokacin da tsirkiya ta saki. In ya ce "nan wurin kun saɓa", to kun saɓa.

*Wanda ba ya jin Hausa.* Tunda kalmomi ba za su ɗauke masa hankali ba, sauti kawai zai ji. A cikin ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da suka zo daga kudu ana samun masu kaɗa jita. In kana da aboki a can, ka yi amfani da damar.

*Mai situdiyo.* A Katsina, ko Kaduna, ko Kano wajen Zoo Road. Shi za ka kai wa a ƙarshe, bayan ka gyara abin da sauran suka nuna. Ka faɗa masa tun farko shawara kake so ba aiki ba, kuma ka biya shi lokacinsa ko da kuɗin kati ne. Ka sani sana'arsa ce, zai iya cewa ka kawo ya sake yi gaba ɗaya. Ka roƙe shi ya nuna maka abubuwa uku da suka fi damunsa.

Waɗanda ba za ka dogara da su ba: budurwarka, wanda ka ambaci sunansa a waƙar, yaran da ke bin ka, da wanda kuke gasa da shi. Na ukun farko yabo za su yi, na ƙarshen kuma ba ka san da wace zuciya ya yi magana ba.

Yadda ake turawa

Kada ka kunna waƙa a sifika ka ɗauke ta da saƙon murya na WhatsApp. Saƙon murya yana matse sauti, an yi shi ne domin magana. Sitatus ma yana matse bidiyo da sautinsa. Ka tura ta wajen dokumen, nan ne fayil ke isa yadda ka aika shi.

Ga lissafin data: fayil ɗin WAV mai ingancin faifan CD yana cin kusan MB 10 a minti ɗaya, wato waƙar minti huɗu kusan MB 40. MP3 mai 320 yana cin kusan MB 2.4 a minti, mai 128 kuma kusan MB 1. Domin neman shawara 320 ya isa. Mai situdiyo in zai taɓa waƙar, WAV za ka ba shi.

Ka sa wa kowane gyara lamba da kwanan wata a sunan fayil, kada ka goge na baya. Sau da yawa gyara na biyu ya fi na biyar.

Maganar sata da fitar waƙa ba shiri: ga wanda ba ka amince da shi sosai ba, ka yanko minti ɗaya mai ɗauke da baiti da amshi, ko ka ɗora muryarka kowane daƙiƙa talatin tana cewa "gwaji ne". Ka adana ainihin aikin da ke cikin manhaja, da muryoyi da jita kowanne daban, domin shi ne shaidarka. A dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, waƙa ta zama taka tun daga lokacin da ka rubuta ko ka ɗauke ta, kuma ana iya yin rajista a Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta ƙasa domin ƙarin shaida.

Tambayoyin da za ka yi

"Ya ka ji ta?" amsarta ɗaya ce: "Ta yi." Bahaushe ba ya son kunyata mutum a gabansa. Ka yi tambayar da kara ba za ta iya rufewa ba:

- Da me ka saurara, waya ko iyafis ko MP?
- Wace kalma ce ba ka ji ba?
- A wane minti ka ji kamar ka wuce gaba?
- Akwai inda ka rage ƙara saboda ta dame ka?
- Tsakanin murya da jita wanne ya fi fitowa?
- In dole a cire abu ɗaya, me za ka cire?

Kada ka fara da ba da uzuri, irin su "ban gama ba" ko "makirfon ne ba kyau". Kada kuma ka faɗi abin da kake zargi. In ka ce "kamar bes ya yi yawa ko?", kowa bes zai ji.

Fassarar ƙorafin mutane

Mai sauraro ba zai ce maka ka rage Hz 300 ba. Da bakinsa zai faɗa, kai ke da aikin fassarawa. Hz ma'aunin kauri da sirantar sauti ne: ƙaramar lamba sauti mai kauri, babbar lamba siririn sauti. dB kuma ma'aunin ƙara ne.

"Ba na jin abin da kake cewa." Kafin ka ɗaga murya, ka rage jita da dB 2 ko 3. Jitar lantarki da muryar mutum wuri ɗaya suke zama, shi ya sa suke faɗa. Ka ɗan rage wa jita tsakanin Hz 2,000 da 4,000 da ikwalaiza, ka rage eko a murya.

"Ta yi duhu", ko "kamar a cikin tulu". Kauri ya taru tsakanin Hz 200 da 500. Ka ɗan rage nan a jita da fiyano. Ka kuma yanke duk abin da ke ƙasa da Hz 80 zuwa 100 a murya da jita, ka bar wa bes da babbar ganga wurin.

"Tana soke kunne." Ko dai jita ta yi kaifi wajen Hz 2,000 zuwa 5,000, ko haruffan s, sh da ts suna tsiwa wajen Hz 5,000 zuwa 8,000. Akwai na'urar rage tsiwar s a cikin manhajoji. Ka sa ta kaɗan, in ta yi yawa "tsuntsu" zai fita kamar bakin mai wushirya.

"Sifika na fashewa." Sauti ya wuce dB 0, mita ta yi ja. In a miksin ne, ka ja komai ƙasa. In tun wajen ɗauka ya fashe, sai dai a sake ɗauka.

"A waya ba ta da nauyi, a MP kuma sai gunji." Bes ɗinka duk yana can ƙasan da waya ba ta kaiwa. Ka rage masa ƙasan kaɗan, ka ƙara masa ɗan ƙarfi wajen Hz 700 zuwa 1,000 domin waya ta samu abin kamawa.

"Murya na zuwa tana komawa." Wasu kalmomi sun yi ƙara, wasu sun faɗi. Ka sa kwamfuresa mai sauƙi, kamar 3 bisa 1, ta riƙa rage dB 3 zuwa 6 a wuraren ƙara. Ƙarshen baiti da ke faɗuwa kuma ka ɗaga shi da hannu.

"Akwai ƙugi a ƙasa." Wutar lantarkinmu tana kaɗawa ne sau 50 a daƙiƙa, ita ce ke shiga ta caja ko ta wayar jita. Ka cire cajar laftof ka ɗauka da batir, ka nisanci inbata da janareta, ka riƙa juyawa da jitar har ka samu ɓangaren da ƙugin ya ragu.

"Muryar kamar ta aljani." Auto-Tune salo ne a waƙoƙinmu, ba aibi ba ne. Matsala tana zuwa in an saita shi a kan makullin da ba na waƙar ba, sai ya riƙa jan murya inda kiɗa bai je ba. Ka tabbatar da makullin tukuna, sannan ka rage masa sauri.

"Ba ta kai ta wane ƙara ba." Wannan aikin mastarin ne, kada ka ɓata miksin saboda shi. Spotify da YouTube suna daidaita ƙarar waƙoƙi wajen LUFS -14, wanda ya fi haka su rage shi. Amma mimori da Xender ba sa daidaita komai, don haka mu dole mu ɗaga ƙara daidai gwargwado. Ka bar ƙololuwar sautin a dB -1, kuma da zarar ganga ta fara laushi ka tsaya.

"Ta yi tsawo", "ta cika maimaici". Wannan ba maganar miksin ba ce. Ka koma mataki na farko ka yanke baiti ko ka matso da amshi kusa.

Abin da ya shafi jita kaɗai

Kuskuren da sabon mai jita ya fi yi shi ne cika mata gurnani. A ɗaki yana da daɗi, a cikin waƙa sai ya zama hayaniya. Ka rage shi rabin yadda kake so. In kana neman kauri, ka kaɗa wurin sau biyu daban-daban, ka tura ɗaya dama ɗaya hagu, murya ta zauna tsakiya. Kwafin ɗauka ɗaya ba ya ba da wannan faɗin. Bayan haka ka gwada a waya ka ji ko wani abu ya ɓace.

In kana da akwatin da ke haɗa jita da kwamfuta, ka ɗauki sautinta tsura, ka ɗora gurnanin daga cikin manhaja. Ta haka in an ce ta yi kaifi za ka gyara ba sai ka sake kaɗawa ba.

Ka saita tsirkiya kafin kowace ɗauka. Bushewar hunturu da zafin bazara duk suna motsa katakon jita, tsofaffin wayoyi kuma ba sa riƙe saiti.

Sannan ka ba murya hanya. Ka saurari masu jitar Agadas irin su Bombino, ko Tal National na Yamai, ka lura da yadda jita ke cika gurbin da murya ta bari. In jita na surutu lokacin da kake magana, ba ikwalaizar da za ta raba ku.

Abin da sai an koma ɗauka

In mutum biyu ko uku sun ce murya "kamar a banɗaki", ɗakin ne. Ɗakin siminti mai rufin kwano ba silin yana maido da sauti. Ɗakin ƙasa mai azara da kaya a ciki ya fi shi nesa ba kusa ba. Ka jingina katifa a bayanka, ka rataya barguna a gefe, ka shimfiɗa darduma, ka kauce wa tsakiyar ɗaki da kusurwa. Ka kashe fanka. Ka zaɓi lokacin da gari ya yi shiru, bayan an kashe injin niƙa da janaretan maƙwabta.

Tsakanin bakinka da makirfo ya zama kamar taƙi ɗaya. Ka sa safa mai laushi a zoben waya tsakaninku domin iskar b da f. Mita ta riƙa tsayawa tsakanin dB -12 da -6 a wurin da ka fi ɗaga murya. Sake ɗaukar baiti ɗaya minti ashirin ne, ƙoƙarin gyara mummunar ɗauka kuma zai ci maka sati ba ka gama ba.

Yadda ake karɓar gyara da lokacin tsayawa

In ana faɗa maka, ka yi shiru ka rubuta. Da ka fara kare kanka mutum zai ce "ai ta yi ma", ka rasa sauran maganar. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

In mutum uku da ba su haɗu ba suka nuna wuri ɗaya, akwai matsala a wurin ko kana so ko ba ka so. In mutum ɗaya ne, ka duba da me ya saurara. Masu sauraro sun fi iya nuna inda ciwo yake a kan faɗin magani. Wanda ya ce "ƙara murya" mai yiwuwa abin da ake buƙata rage jita ne.

Ka raba gyara da ra'ayi. "Ba na jin kalmomin" gyara ne. "Da ka cire jitar ka sa fiyano irin na fim" ra'ayi ne, kuma za ka sha jin sa a wajenmu tunda kunnuwa ba su saba ba. Waƙarka ce, kai za ka yanke.

Ka canja abu ɗaya a lokaci ɗaya, ka adana, ka gwada da na baya a ƙara ɗaya. Zagaye uku ya isa: na mutanen gida, na makaɗa da masu shago, na mai situdiyo. A zagaye na ƙarshe ka nemo sabon kunne, domin waɗanda suka ji sau uku su ma sun haddace kalmomin. In ka wuce haka kana bin bakin kowa, dambu zai yi yawa ya ƙi jin mai.

In kai aka kawo wa waƙa

Ka ji ta har ƙarshe kafin ka yi magana. Ka faɗi abu ɗaya da ya yi kyau da gaske, sannan abu biyu ko uku da suka fi buƙatar gyara, da minti da daƙiƙar wurin. Ka faɗa masa tsakaninku, ba a majalisa ba. Kuma amana ce ya ba ka, kada ka tura wa kowa, kada ka sa a sitatus. Yaron nan wataƙila kuɗin aikin gona ya tara ya sayi makirfo. "Wuta" ɗin da za ka ce masa don kada ransa ya ɓaci ita ce za ta kai shi wurin mai shayi ya ji abin da na ji.

A nan zan dakata. Allah ya ba mu zaman lafiya a Safana da Batsari da sauran yankunanmu, ya sa albarka a sana'ar kowa. Sai mun haɗu a bayani na gaba, in sha Allah.